Ƙasusuwa da Sunaye: Katolika, 'Yan Mormon da Hidimar Matattu

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanonin Challawa, ko na Sharaɗa da Bompai, ya san cewa ranar mutuwa ce ke fito da bambancin da ƙarar inji ta rufe. Mutum biyu na tsaye a layi ɗaya, suna juya fata ko suna ɗinke bakin buhu, albashinsu ɗaya, mai sayar musu da abinci ɗaya. Idan Musulmin cikinsu ya cika da safe, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa a Panshekara ko Kumbotso, sai zaman makoki. Idan kuwa ɗan Katolika ne daga Anambra ko Binuwai, gawarsa kan yi makonni a ɗakin ajiyar gawa na asibiti, ƙungiyar 'yan garinsu ta zauna ta yanka wa kowa abin da zai kawo, a buga takarda mai hotonsa, a sa rana, sannan mota ta ɗauke shi zuwa gida. Bakano kan ga wannan ya riƙe baki. Sai dai jinkirin nan al'adar ƙabila ce, ba umarnin coci ba. Abin da Cocin Katolika ya koyar game da mamaci yana can gaba da haka, kuma akwai wata ɗariƙar, wadda aka fi sani da Mormon, da ta ɗauki zancen ta kai shi inda Katolikan kansu suka ce an wuce gona da iri.

Ɗariƙun biyu ba su zama ɗaya ba a ƙasar nan. Katolika tsofaffin maƙwabta ne a Kano. Babban cocinsu na Our Lady of Fatima yana Sabon Gari, sistocin St. Louis sun iso garin daga Ailan tun 1948, makarantarsu da ke Bompai ta yaye 'ya'yan Musulmi da na Kirista, kuma tun 1999 Kano ta zama cikakkiyar dayosis, wadda Bishop John Namaza Niyiring ke jagoranta daga 2008. Su kuwa 'yan Mormon, waɗanda suka fi son a kira su da cikakken sunan cocinsu, wato Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, baƙi ne a Arewa. Ƙarfinsu yana kudu maso gabas da Legas. Sai a 1978 shugabansu Spencer W. Kimball ya ɗage dokar da ta hana baƙar fata limanci da manyan ibadun haikali, kuma a watan Nuwambar wannan shekarar aka yi wa Anthony Obinna baftisma, wani malamin makaranta a Imo da ya shafe shekaru yana rubuta wasiƙu Amurka yana roƙon a turo masu wa'azi. Haikalinsu na farko a Najeriya yana Aba, an buɗe shi a watan Agustan 2005, sannan an sanar da gina wasu a Legas da Benin da Abuja. Muhimmancin haikali a wannan zance babba ne, domin a wurinsu hidimar matattu ba ta yiwuwa a cocin unguwa.

Tambayar farko ita ce ina mamaci yake. A wurin Katolika, da zarar rai ya fita an yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Wanda ya mutu cikin babban zunubi bai tuba ba ya tafi wuta, babu addu'ar da za ta fito da shi. Wanda ya mutu tsarkakakke ya shiga aljanna kai tsaye. Amma yawancin mutane suna tsakani: sun mutu da imani, sai dai da sauran datti a jikinsu. Waɗannan su ne ke shiga Furgatori, wato halin tsarkakewa kafin ganin Ubangiji. Mai aikin jima a Challawa zai gane abin da sauri. Fatar da ta shigo kamfani ta riga ta samu mai ita, ba za a jefar da ita ba, amma sai ta sha jiƙo da toka da kankara kafin ta cancanci fita. Duk wanda ya shiga Furgatori zai fita zuwa aljanna. Daɗewa da wahala ne kawai suka bambanta, kuma a nan ne rayayyu ke iya sa hannu.

A wurin 'yan Mormon kuwa mutuwa ba ta rufe littafi. Ruhi yana tafiya duniyar ruhohi, wadda suka kasa biyu: wurin hutawar salihai, da wurin da suke kira kurkukun ruhohi, inda waɗanda ba su karɓi bishara ba suke jira. Can ma ana wa'azi. Shugabansu Joseph F. Smith ya ce an nuna masa wannan a watan Oktoban 1918, lokacin da yaƙin duniya na farko da annobar mura ke kwasar rayuka, kuma shi kansa ya rasa babban ɗansa a farkon shekarar. Mamaci yana iya jin wa'azin ya gaskata, yana iya ƙi. Matsalarsa guda ce: baftisma aiki ne na jiki da ruwa, shi kuwa ba shi da jiki. Saboda haka sai wani mai rai ya ara masa nasa. Bayan tashin ƙiyama ma ba gida biyu suka yarda da shi ba. Sun ce akwai matakan ɗaukaka uku, kuma kaɗan ne ƙwarai za su tafi halaka ta har abada. Kenan ɗan Katolika yana taimakon wanda ya riga ya tsira ne don ya isa da wuri, ɗan Mormon kuma yana buɗe ƙofa ga wanda har yanzu bai zaɓa ba.

Yadda koyarwar biyu suka samo asali ma abin dubawa ne. Ta Katolika a hankali ta taru, ƙarni bayan ƙarni. Suna kafa hujja da littafin Makabiyawa na biyu, inda wani jagoran Yahudawa ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya saboda sojojinsa da suka faɗi a fagen fama. Littafin yana cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika, amma Furotesta ba su lissafa shi cikin hurarrun littattafai ba, shi ya sa ɗan ECWA ko ɗan Baptis ba ya yi wa mamaci addu'a irin wannan. Kiristocin farko sun rubuta roƙon rahama a kan kaburbura tun kafin a sa wa abin suna. Sai majalisun coci suka zo suka tabbatar da shi, a Lyon a 1274, a Florence a 1439, a Trent a 1563.

Ta Mormon kuwa ana iya nuna gidan da ta fito. A 1823 Alvin, yayan Joseph Smith (ba Joseph F. Smith da aka ambata ba), ya rasu yana saurayi ba a yi masa baftisma ba, kuma limamin da ya yi wa'azin jana'izarsa ya nuna wa iyalin cewa makomarsa ba ta da kyau. Abin ya tsaya wa gidan a rai. Smith ya kafa cocinsa a 1830, a 1836 ya ce ya ga Alvin a cikin ɗaukaka, sannan a ranar 15 ga Agustan 1840, a wurin wata jana'iza a garin Nauvoo na jihar Illinois, ya sanar da cewa mai rai zai iya karɓar baftisma a madadin mamaci. Hujjarsa aya ce guda a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 15, inda aka ambaci wasu masu yin haka, ayar da malaman sauran ɗariƙu suka daɗe suna saɓani a kan ma'anarta. Cikin 'yan makonni mutane suka fara shiga kogin Misisipi saboda iyayensu da 'ya'yansu. Daga cikin na farko akwai wata gwauruwa da aka nitsar saboda ɗanta. Ko mutum bai yarda da koyarwar ba, zai ga irin raɗaɗin da ta zo ta tarar.

To me rayayyu ke yi? Ɗan Katolika a Sabon Gari zai je ofishin coci ya rubuta sunan mahaifinsa, ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, Fada ya ambaci sunan a ibadar Mas ta ranar da aka sa. Ana yin haka bayan rasuwa, ana yi idan shekara ta zagayo. Ranar 2 ga Nuwamba kuwa ta dukkan matattu masu imani ce, al'adar da Odilo, shugaban gidan sufaye na Cluny a Faransa, ya kafa kimanin shekara dubu da ta wuce. A makon farko na watan ana zuwa maƙabarta, a share kabari, a kunna kyandir, Fada ya yayyafa ruwa mai albarka, kuma coci ya ce mai ziyarar yana iya samar wa wani mamaci rangwamen horon da ya rage masa. Akwai kuma Mas talatin a jere, kwana talatin ba fashi, saboda mutum ɗaya. Asalinsa labarin da Paparoma Gregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya bayar ne game da wani sufi mai suna Justus da aka samu ya ɓoye tsabar zinariya uku alhali ya yi alkawarin talauci. Aka hukunta shi har a kabarinsa, daga baya Gregori ya tausaya ya sa a yi masa Mas na kwana talatin, aka ce a ƙarshensu ya bayyana ga ɗan'uwansa ya shaida masa ya samu sauƙi.

Na Mormon sai an shiga haikali, kuma ba kowa ke shiga ba. Ko ɗan cocin sai da takardar shaida daga shugabanninsa. Kwamin baftisma yawanci yana hawan ƙasa, don ya yi daidai da kabari, a ɗore a bayan siffar bijimai goma sha biyu masu wakiltar ƙabilun Isra'ila. Mai karɓa yana sanye da fararen kaya, namiji a madadin namiji, mace a madadin mace, kuma sau da yawa yara ne 'yan shekara goma sha biyu zuwa sama. Mai yin baftismar zai ɗaga hannun dama, ya kira sunan yaron, ya ce yana yi masa ne a madadin wane wanda ya mutu, ya nitsar da shi gaba ɗaya. Shaidu biyu na kallo. Idan gashi ko gefen riga bai nutse ba, a sake. Mai rubutu yana zaune yana shigar da sunan. Yaro ɗaya kan shiga ya fita sau da dama a tsayuwa ɗaya, kowane nutso da sunansa. Daga nan sai ɗora hannu, sai sauran ibadu da manya ke yi, har zuwa ɗaurin da suke cewa yana haɗa miji da mata, iyaye da 'ya'ya, har abada. Ɗan Katolika yana iya cewa Allah ya jiƙan dukkan matattu, addu'arsa ta wadatar. Ɗan Mormon ba shi da wannan sauƙin: mutum ɗaya, suna ɗaya, nutso ɗaya.

Daga nan ne hanyoyin suka rabu sosai, domin kowanne ya riƙe wani abu daban na mamaci. Katolika sun riƙe jiki. A ganinsu jikin da ya yi wa Allah biyayya ya tsarkaka, zai tashi ranar ƙiyama, don haka ƙashinsa abin girmamawa ne. Kan Katarina ta Siena, wadda ta rasu a 1380, yana garinsu Siena, gangar jikinta na Rum. Harshen Antoni na Padua, shahararren mai wa'azi, yana cikin wani gidan zinariya tun da aka buɗe kabarinsa a 1263. Gawar Francis Xavier tana Goa a Indiya, ana fito da ita duk shekara goma jama'a su gani, amma hannunsa na dama an yanke shi a 1614 an kai Rum. A Napoli akwai kwalbar da aka ce jinin wani tsohon bishop ne, Januarius, wanda ake jira ya narke sau uku a shekara, kuma idan ya ƙi sai hankalin garin ya tashi. A ƙarƙashin wani coci na sufayen Kafucin a Rum an yi wa bango da rufi ado da ƙasusuwan 'yan'uwansu kimanin 3,700, har da fitilun da aka haɗa da ƙashin baya. A Palermo gawawwaki dubbai ne a jere a jikin bango, sanye da tufafinsu. Su dai sun ce ba bauta suke wa ƙashi ba, tunatarwa ce da neman ceton mai shi, kuma coci bai tilasta wa kowa gaskata narkewar jinin Napoli ba. Duk da haka, mutumin da ya tashi a inda ake gaggauta suturta gawa zai sha wuya kafin idonsa ya saba.

Kada a ɗauka abin na Turai ne kawai. Cyprian Michael Iwene Tansi, Fada ne ɗan Aguleri, shi ya yi wa Francis Arinze baftisma yana yaro, wanda daga baya ya zama Kadinal. Tansi ya shiga gidan sufaye a Ingila, ya rasu a can a 1964. Bayan shekara ashirin da 'yan kai aka tono shi aka dawo da shi Onitsha. Wata mata mai fama da ciwon daji ta taɓa akwatin, aka ce ta warke, coci ya bincika ya amince, kuma a ranar 22 ga Maris 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Oba, kusa da Onitsha, ya ayyana shi mai albarka, matakin da ke gab da na tsarkaka. A nan mamaci ne ke taimakon mai rai. Hulɗar Katolika da matattu tana tafiya ta fuska biyu: suna roƙa wa na Furgatori, suna roƙon na aljanna su roƙa musu.

'Yan Mormon ba su da ƙashin kowa a cocinsu. Abin da suka riƙe shi ne suna. Tunda ba a yi wa mamaci baftisma sai an san ko shi wane ne, neman asali ya zama musu ibada. Sun kafa ƙungiyar binciken nasaba a Utah tun 1894, ita ce ta zama FamilySearch ta yau. Sun bi ƙasashe suna ɗaukar hoton rajistar haihuwa da aure da mutuwa, takardun ƙidaya, jerin fasinjojin jiragen ruwa. A cikin wani dutse kusa da birnin Salt Lake sun haƙa rumbu a shekarun 1960, mai ƙofofin ƙarfe, suka ajiye naɗin fim sama da miliyan 2 na irin waɗannan takardu, kuma a 2021 suka sanar da cewa sun gama mayar da su cikin kwamfuta. A Afirka, inda nasaba ta fi zama a bakin tsofaffi, suna tura mutane ƙauyuka a Gana da Najeriya da wasu ƙasashe da na'urar naɗar murya, su zauna da dattijo ya lissafo kakanninsa. Duk mai intanet yana iya amfani da rumbun kyauta, kuma masana tarihi da ba ruwansu da cocin sun ci moriyarsa ƙwarai. Cocin Kafucin da rumbun Utah duk a ƙarƙashin ƙasa suke, duk cike suke da matattu, amma ɗaya za ka fito tsigar jikinka na tashi, ɗayan kuwa ba abin da za ka gani sai durowoyi.

A kan jana'izar kanta bambancin bai kai haka ba. Dukansu sun fi son binnewa. Katolika sun halatta ƙona gawa a 1963, amma a 2016 fadar Vatican ta hana watsa tokar a teku ko ajiye ta a ɗaki. Sai a wuri mai tsarki. 'Yan Mormon kan sa wa mamacin da ya yi ibadun haikali fararen tufafinsa na haikali, mata su shirya mace, maza su shirya namiji, abin da Bahaushe ba zai ga baƙonsa ba, sannan wani mai limanci daga dangi ya yi addu'ar keɓe kabarin. Game da jariran da suka mutu ba baftisma, malaman Katolika sun yi ƙarnoni suna zancen wani wuri na gefe, ba wuta ba aljanna, har sai da wani kwamitin malaman Vatican ya ce a 2007 akwai dalilin sa rai da tsirarsu. 'Yan Mormon tun farko suka ce yaron da bai kai shekara takwas ba ya tsira, ba a ma yi masa baftismar madadi.

Kowanne kuma ya yi tuntuɓe a daidai inda ƙarfinsa yake. Na Katolika kuɗi ne. Idan addu'ar mai rai tana rage wa mamaci wahala, kuma addu'ar tana hannun malami, to ƙofar ciniki a buɗe take. A farkon ƙarni na 16 masu wa'azi irin su Johann Tetzel sun bi garuruwan Jamus suna karɓar kuɗi da sunan fitar da iyayen mutane daga Furgatori, wani kaso na tafiya ginin babban cocin Bitrus a Rum. Wannan ne ya fusata Martin Luther a 1517, Kiristancin Yamma ya tsage biyu har yau. A 1567 Paparoma Pius na Biyar ya haramta haɗa rangwame da kuɗi, kuma dokar coci ta yanzu ta hana duk abin da ya yi kama da ciniki a kan Mas, ta kuma buƙaci Fada ya yi wa talaka ko bai kawo komai ba. Siyasa ma ta taɓa shiga: a 897 an tono gawar Paparoma Formosus, aka zaunar da ita a kujera aka yi mata shari'a, aka yanke yatsunta uku aka jefa ta kogi. Wannan ba koyarwa ba ce, rikicin mulki ne, amma ba zai faru ba sai a inda gawa ke da irin wannan nauyi.

Na Mormon ba kuɗi ba ne, domin ba a biyan ko kwabo a kan baftismar mamaci. Nasu shiga gonar wani ne. Tun 1877 Wilford Woodruff, wanda daga baya ya shugabanci cocin, ya sa aka yi wa waɗanda suka rattaba hannu a takardar 'yancin Amurka baftismar madadi, har da mutane irin su Columbus da John Wesley. Daga baya aka gano cewa an shigar da sunayen dubban ɗaruruwan Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe. Ga mutanen da aka hallaka saboda addininsu, kuma kakanninsu suka sha baftismar dole a Turai, wannan cin fuska ne. A 1995 cocin ya yi yarjejeniya da ƙungiyoyin Yahudawa ya cire sunayen, amma abin bai tsaya ba. A 2012 aka sake samun an yi wa Anne Frank, ɗaya daga cikin waɗannan Yahudawa, an kuma yi wa iyayen Simon Wiesenthal, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana farautar 'yan Nazi. Cocin ya nemi gafara, ya gargaɗi mabiyansa su tsaya a kan danginsu. Ƙa'idarsu ta ce idan an haifi mamacin cikin shekara 110 da suka wuce, sai da izinin makusancinsa. Amsarsu ga masu suka ita ce tayi kawai suke yi, mamaci na da ikon ƙi, kuma ba a lissafa shi cikin 'yan coci. Amsar tana da ma'ana a cikin tsarinsu. Sai dai wanda ya ji an nitsar da wani da sunan kakarsa ba cikin tsarinsu yake zaune ba.

Ɗariƙun biyu ma sun yi karo da juna a kan wannan. A 2001 Vatican ta ce baftismar Mormon ba ta inganta ba, saboda fahimtarsu game da Allah ta yi nisa da ta sauran Kirista. A 2008 kuma ta umarci bishop-bishop kada su bar 'yan Mormon su ɗauki hoton rajistar coci-coci. Abin lura a nan shi ne, Katolika ne suka fi kowa tsohuwar rajista a Turai da Latin Amurka, domin tun majalisar Trent aka wajabta wa kowane Fada rubuta wanda ya yi wa baftisma da wanda ya ɗaura wa aure. Sunayen da ɗaya ya shekara ɗari huɗu yana tarawa su ne ɗayan yake nema. Idan baftismar banza ce kamar yadda suka ce, me ya sa aka kulle littafin? Domin ko aikin da kake ganin ba shi da tasiri, ba ka so a yi shi da sunan mahaifinka.

Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne ga yawancin waɗannan tambayoyi. Mun san barzahu. Mun san addu'ar ɗa ga iyayensa da sadaka mai gudana. Mun san mutum kan yi wa mahaifinsa da ya rasu aikin Hajji, wato ara wa mamaci jiki ba sabon abu ba ne a wurinmu. Mun kuma san gardamar da aka daɗe ana yi a Kano tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, da ziyarar kaburburan waliyyai, gardamar da ke da kama da wadda Luther ya tayar ta wasu fuskoki. Amma Hajjin madadi ana yi wa wanda ya mutu Musulmi ne, a sauke masa farillar da shi kansa ya yarda tana kansa. Ta wannan ma'aunin, Mas ɗin ɗan Katolika ya fi kusa da abin da muka sani, duk da ƙasusuwan da ke ba mu tsoro, baftismar Mormon kuma ta fi nisa, duk da fararen kaya da tsabtar wurin.

A nawa awon, kowanne yana da abin da ya fi ɗan'uwansa. 'Yan Mormon sun fuskanci tambayar da ke damun duk wanda ya sauya addini, ko Bamaguje ne da ya shiga coci a ƙasar Kano ko Katsina, ko Ibo a Aba: ina kakana da bai taɓa jin wannan saƙo ba? Sun ba da amsa mai faɗi, sun kuma biya ta da wahalar kansu, ba da kuɗin talaka ba. Katolika sun bar wannan ga rahamar Allah, abin da wani zai kira tawali'u, wani ya kira kauce wa tambaya. Amma idan aka zo kan haƙƙi, na fi karkata ga Katolika. Ƙasusuwan da suka jera nasu ne, na mutanen da suka rayu suka mutu a cikin cocin, kuma addu'arsu ba ta sake wa mamaci alƙiblar da ya mutu a kanta. Aikin Mormon kuwa, da yake burinsa ya game duk ɗan Adam, dole wata rana ya iso kan matattun wasu, kuma tarihin 1995 da 2012 ya nuna cewa ƙa'idar shugabanni ba kullum take riƙe hannun mabiya ba. Ga shi an sanar da haikali a Abuja, masu naɗar nasaba kuma suna ƙara shiga ƙauyuka. Dattijon da aka zo wa da na'ura a ce ya lissafo kakanninsa zai iya amincewa, domin adana sunayen alheri ne ga jikokinsa, amma yana da damar ya fara tambaya wa zai riƙe su, wa zai iya buɗe su, kuma ko akwai hanyar da iyali za su ce ba su yarda a kai su haikali ba.